Sunan da Malam Waƙafi Ya Ƙi Faɗa

Ofishin Malam Waƙafi shi ne na ƙarshe a hawan ƙasa na tsangayar kimiyya, tsakanin ɗakin fotokwafi da wani sito da ake jibge karyayyun kujeru. Taga ɗaya gare shi, ita ma kabad ya cinye rabinta. In za ka shiga sai ka karkace, saboda tsoffin mujallu da aka jera tun daga ƙasa har kusa da silin. Shekara ashirin da bakwai ya yi a wannan ɗaki.

Da takardar sakandare ya zo jami'ar, aka ɗauke shi mai buga tafireta. Sunan kuwa wani malamin lissafi ne ya laƙaba masa, ranar da ya bi shi har wurin ajiye motoci da takarda a hannu, yana tambayarsa ko waƙafi yake nufi a layi na huɗu ko aya. Da tsangaya ta kafa mujallarta ta binciken kimiyya, aka nemi wanda zai riƙe muƙamin sakatare, kowa ya noƙe, sai aka ɗora masa.

Aikin ba shi da wuyar bayani. Mai bincike zai aiko da maƙalarsa. Malam ya cire sunansa daga kai, edita ya zaɓi masana biyu a fannin, a aika musu su yi bita: su duba ko an yi gwajin yadda ya kamata, ko alƙaluman sun goyi bayan abin da aka ce an gano. Mai maƙala ba ya sanin waɗanda suka duba masa. Abin da zai gani kawai shi ne “mai bita na ɗaya” da “mai bita na biyu”. Sunayen suna cikin wani littafi mai baƙin bango da Malam yake rubutawa da hannu. Ko da aka kawo masa kwamfuta bai yarda ya zuba su a ciki ba. Ya ce ita ba ta da ciki, duk wanda ya latsa ta sai ta ba shi labari.

Shi ne kuma silar buɗe mujallar ga kowa, ko da yake sunansa bai fito a sanarwar ba. 'Yarsa ta fari nas ce a wani ƙaramin asibiti. Wata rana ta zo gida tana mita: ta samu wani bincike a intanet kan ciwon da yake damun yaran da take dubawa, ta karanta taƙaitaccen bayani layi goma, sauran an kulle sai wanda ya biya. Malam kuwa ya san tasu mujallar ma kwafi ɗari uku ake bugawa, rabi suna bayan kujerarsa kyankyasai na kwana a ciki. Ya fara yi wa edita naci. Shekara uku ana cewa za a duba. Ranar da aka amince, shi ya zauna ya ɗauki hoton tsoffin fitowar shafi-shafi ya ɗora su. Daga nan saƙonni suka fara shigowa daga wuraren da mujallar ba ta taɓa zuwa ba: malaman sakandare, ma'aikatan ruwa, malaman gona.

Tun daga lokacin ya ƙara tsanani. Yakan ce a da in an buga kuskure malamai goma ne za su gani, su yi dariya a ɗakin shan shayi. Yanzu kuwa wani zai karanta a waya ya je ya aikata.

Ni malamar kimiyyar sinadarai ce, shekarata ta shida a tsangayar lokacin da abin ya faru. Edita ya aiko mini da wata maƙala in yi bita. Tana cewa matatar da aka haɗa da tokar ɓuntun shinkafa tana cire kusan dukkan gubar dalma daga ruwan rijiya. Na fara karantawa da murna, don in haka ne an taimaki mutane da yawa. Sai na zo jadawali na uku, na wuce, na zo na biyar, na dawo baya. Rijiyoyi daban-daban ne, amma lambobi goma sha biyu iri ɗaya sak, har ta ƙarshe bayan ɗigo. Shekara tara ina auna ruwa. Kwalba ɗaya ma in ka auna ta sau biyu ba za ta ba ka haka ba.

Kafin in kai shafi na shida na gane mai ita. Na'urar da aka ambata guda ɗaya ce a duk jami'ar, makullin ɗakinta kuma yana aljihun shugaban tsangaya, wanda kowa yake kira Farfesa kawai, kamar babu wani farfesan. Shi ne shugaban kwamitin ƙarin girma, kuma a shekarar fayil ɗina yana kan teburinsu.

Na koma wurin edita na ce ya karɓi abarsa, na gane mai ita. Dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce, “Duk wanda ya san fannin nan zai gane, 'yata. In na bai wa wani, ko dai ya ji tsoro ko ya huce haushi. Ke rubuta abin da kika gani.”

Na rubuta. Ban zargi kowa da ƙarya ba. Na ce a kawo ainihin bayanan da na'urar ta fitar, kuma kada a buga kafin nan, domin wanda ya karanta zai iya haɗa matatar ya bai wa 'ya'yansa ruwan. Mai bita na ɗaya layi biyu ya rubuta, ya ce aiki ya yi kyau. Sati biyu bayan haka edita ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke. Aka naɗa muƙaddashi, wani tsohon ɗalibin Farfesa. Ya zama a duk duniya mutum ɗaya ne ya rage da ya san mai bita na biyu kuma yake iya faɗa.

Ranar Litinin Farfesa ya sauko hawan ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba. Bangon da ya raba ofishin Malam da ɗakin fotokwafi na katako ne, mai fotokwafin kuma ba ta bari ko kalma ɗaya ta faɗi ƙasa ba. Kafin azahar kowa ya ji.

“Waƙafi, ashe nan suka ajiye ka? Wannan ai ba ofis ba ne, akurki ne.”

“Mun saba, ranka ya daɗe.”

Farfesa ya ce akwai ɗaki a sama mai na'urar sanyaya wuri, babu kowa a ciki. Ya tambaye shi saura wata nawa ya yi ritaya, Malam ya ce goma sha huɗu, ya ce mutum irinsa ai sai a riƙe shi da kwantiragi. Sannan ya sassauta murya.

“Wane ne mai bita na biyu?”

“Ranka ya daɗe, ai ka san ba a faɗa.”

“Ni na kafa mujallar nan.”

“Haka ne. Ni na buga takardar kafa ta.”

“Ba abin da zan yi masa. Zama za mu yi in fahimtar da shi.”

“To ka rubuta amsar, ranka ya daɗe, ni zan kai masa har hannu.”

Mai fotokwafi ta ce har ta ɗauka sun fita. Sai ta ji Farfesa ya ce, “Ka yi tunani,” ya ja ƙofa da ƙarfi har wani jerin mujallu ya zube.

Abubuwa suka fara biyo juna. Washegari masu gyara suka zo suka ɗauki kwamfutarsa wai ƙwayar cuta ta shige ta, suka dawo da ita bayan kwana huɗu. Wata safiya ya zo ya tarar an canza kwaɗon ƙofarsa, an bar masa sabon makulli a wurin maigadi, durowoyinsa duk an birkice su. Ba su samu komai ba, don tun ranar Litinin ɗin littafin yake yawo da shi a cikin riga. Sai takardar tuhuma, ta farko a rayuwarsa ta aiki, a kan makarar minti bakwai. Ya amsa ta a layi uku, ya kai da kansa.

Farfesa ya ɗora zargi a kan wani malamin ilimin ƙasa da suka taɓa yin takarar kujera. Ya daina amsa gaisuwarsa, aka soke masa izinin zuwa wani taro da ya yi wata shida yana shiri. Mutumin yana rantsuwa a baranda cewa ko ganin maƙalar bai yi ba. Ni kuma ina wucewa da littattafaina a ƙirji, in gaishe shi, in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wata ranar Alhamis muka yi kiciɓis da Farfesa a kan matakala. Babu hanyar kaucewa.

“Yawwa Dakta, ke nake nema. Ke da kika san ruwa, zo ki ga abin da wani mahassadi ya rubuta a kan aikina.”

Ya zaro takarda biyu daga fayil ya miƙo mini. Rubutuna ne. Na tsaya a tsakiyar matakala ina karanta kalmomina, ɗalibai suna raɓawa ta gefenmu, shi kuma yana kallon fuskata.

“Duba salon da kyau. Ko ya yi miki kama da na wani?”

“Ranka ya daɗe, irin wannan rubutu kowa haka yake yin sa.”

“Amma kin ga rashin kunyar? Wai in kawo bayanan na'ura. Ni!” Ya karɓe takardar. “Fayil ɗinki ya iso, na gani. Kina ƙoƙari. Ki ci gaba da kama kanki.”

Ban san ko yabo ne ko gargaɗi ba. Har yau ban sani ba.

Daga nan kai tsaye na sauka hawan ƙasa. Na yanke shawara: zan gaya wa Malam ya faɗi sunana kowa ya huta. Na same shi yana gyara wata maƙala da jan biro. Na tura ƙofar zan rufe, ya ce in bar ta a buɗe.

“Baba, maganar bitar nan…”

Ya ɗaga murya yadda na tabbata har ɗakin fotokwafi an ji. “Dakta, na gaya muku, duk mai son tsohuwar fitowa ya shiga intanet ya sauke, kyauta ce. Ba na bayar da kwafin ofis.” Ya ɗauki wata 'yar takarda ya yi rubutu, ya juya ta wajena ba tare da ya sake ta ba. Ya rubuta: Kada ki ƙara zuwa nan. In kin faɗa, wahalar da aka sha ta tashi a banza, kuma babu wanda zai ƙara yi mana bita ta gaskiya. Ya bari na karanta, ya yayyaga ta ƙanana ya zuba a aljihu. “A sauka lafiya, Dakta.”

Aka kira taron kwamitin mujalla ranar Laraba. Shugaban sashenmu ya yi tafiya, ya bar saƙo in wakilce shi. Na nemi uzuri na rasa wanda ba zai jawo ido kaina ba. Mu tara ne a teburin. Farfesa ba ɗan kwamiti ba ne, amma ya zo ya zauna dab da muƙaddashin edita. Malam yana can ƙarshe da takardar rubuta bayanin taro, kamar kullum.

Farfesa ya iya magana. Ya ce shekara talatin yana gina sunansa, wani ya laɓe ya kira shi maƙaryaci. Ya ce adalci shi ne mutum ya san mai zarginsa. “Mun buɗe mujalla mun ce duniya ta karanta, babu ɓoye-ɓoye. To me ya sa mai bita shi kaɗai zai zauna bayan labule yana jifa?” Mutum uku suka gyaɗa kai. Ni kaina na san maganar ba fanko ba ce, akwai masu ganin a bayyana sunan kowa tun farko. Sai dai ba da wannan sharaɗi na karɓi aikin ba, kuma ba don gyaran tsari yake neman sunan ba.

Muƙaddashi ya yi gyaran murya, idonsa a kan tebur. “Malam, ina ganin a kawo littafin, a kashe maganar nan.”

Malam ya ajiye biro. Ya ɓalle maɓallin riga biyu, ya zaro littafin ya ɗora a kan tebur. Na fara shirya abin da zan ce, na rasa ta inda zan fara.

Bai buɗe ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kai.

“Ga shi. Amma ina da tambaya kafin in buɗe, don in rubuta daidai. Sunan da ake nema yana shafin ƙarshe. Kafin a kai can akwai shafi ɗari da goma sha ɗaya. Duk wanda yake ciki takarda iri ɗaya na aika masa, mai alkawarin ba za a bayyana shi ba. In kwamiti ya ga a janye alkawarin, ni ma'aikaci ne, ba ni da ikon hanawa. Sai dai a janye wa kowa. In fara daga shafi na ɗaya: mai maƙala, wanda ya duba, da abin da ya ce a yi da ita.”

Duk wanda yake teburin nan an taɓa mayar masa da maƙala, kuma ya taɓa mayar da ta wani.

“Kai kaɗai, ranka ya daɗe, ka yi mana bita sau talatin da huɗu,” in ji Malam a hankali, yana duban Farfesa. “Ba duka ka bari suka wuce ba.”

Wata dattijuwa, farfesar ilimin tsirrai da ba ta cika magana a taro ba, ta cire tabarau ta ninke. “Ni kam a karanta. Akwai wata maƙala tawa da aka yi wa kaca-kaca shekara goma sha biyu da suka wuce, ta ja mini zaman shekara biyu a matsayi ɗaya. Har yau ina so in san wanda zan gode wa.” Farfesa take kallo tana maganar.

Farfesa ya juya ga Malam. “Waƙafi, barazana kake mini?”

“Wane ni, ranka ya daɗe. Umarni nake jira. In fara, ko in mayar?”

Muƙaddashi ya share goshi da hankici. Ya ce a ganinsa, don a mutunta kowa, a aika maƙalar wa mai bita na uku daga wata jami'a, tare da bayanan na'urar. Ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Dattijuwar ta fara, wasu suka bi. Na jira sai da na ƙirga hannu biyar kafin na ɗaga nawa, kuma ina jin kunyar wannan jiran har gobe. Farfesa ya tattara fayil ɗinsa ya fita. Malam ya ɗauki biro ya rubuta sakamakon ƙuri'a.

Bayanan na'urar ba su taɓa zuwa ba. Farfesa ya janye maƙalar, bayan wata huɗu ta fito a wata mujallar intanet irin waɗanda suke buga komai cikin sati guda ba tare da kowa ya duba ba. Ita ma kyauta ce ga mai karatu. Daga baya na ji cewa ranar da Malam ya gani, ya kashe kwamfutar ya fita baranda ya daɗe a tsaye. Sai bayan Farfesa ya sauka daga kujera ni da wasu abokan aiki biyu muka maimaita gwajin yadda aka bayyana shi, muka buga abin da muka samu, wanda bai yi kusa da abin da aka yi iƙirari ba.

Malam bai ga wannan daga ofishinsa ba. Sati uku bayan taron aka mayar da shi ofishin ajiyar takardu na gonar jami'a, can bayan gari. Aka kuma tuna cewa gidajen harabar na masu aiki a cikin harabar ne, aka ba shi wata guda ya tashi. Mota biyu yake hawa kullum har ya yi ritaya. Ba a yi masa taron ban kwana ba.

Ni kuwa ƙarin girmana ya zo a kan lokaci, da sa hannun Farfesa.

Sai da aka shekara uku na iya zuwa gidansa. Ya kama haya a wata unguwa mai matsattsun layuka, ya buɗe ɗan shago a ƙofar gida yana buga wa mutane takardun neman aiki. Na tarar ya tafi sayo tawadar firinta. Matarsa ta shigar da ni tana guga a tsakar gida. Muka gaisa, muka ƙara gaisawa, na ga in ban faɗa yanzu ba ba zan taɓa faɗa ba.

“Mama, mutumin nan da Baba ya ƙi faɗin sunansa, ni ce.”

Ta jingine dutsen guga. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Ke? Ni duk zatona wani ƙaton mutum ne mai gemu.” Ta zauna a kan kujerar roba. “Kin san kwana uku na yi ban yi masa magana ba? Ina naɗe kwanuka a kwali ina kuka. Gidan nan da muka bari a cikinsa na yi goyon 'ya'yana duka, har bishiyar lemo na dasa. Na ce masa, Malam, shekara talatin muna tare, ko ni ka gaya mini saboda wa ake korata. Ya ce in na sani, wata rana zan haɗu da mutumin a kasuwa, fuskata ta tona shi.” Ta yi wata 'yar dariya, ta goge ido da gefen mayafi. “Sau biyu na yi miki Allah ya isa, ban san ke ba ce. Na janye. Amma lemon nan yana raina.”

Muna cikin haka ya yi sallama, da kwali a hammata. Ya rame, furfura ta gama cin kansa.

“Malam, ga mutuniyarka ta kawo kanta,” in ji ta.

Ya dube ta, ya dube ni, ya ajiye kwalin a hankali.

“Kai, Dakta. Duk cikin mutanen duniya ita kika zaɓa ki gaya wa? Kafin magariba duk layin nan sun ji.”

Ta ɗauki tsumman guga ta jefe shi da shi.